Murhun da Aka Yi wa Fentin Mota

Ran da Mai Fenti ya shigo da murhun nan, Mama tana tsakar gida tana shanya, sai ta ji ƙara daga ƙofa kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Ta leƙa. Mijinta ne, mutumin da likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya ƙara ɗagawa, yana turo wani tsohon murhun gashi irin mai murfi da ƙafafu. Taya ɗaya tana juyawa, ɗayar kuwa ta riga mu gidan gaskiya tuntuni.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Wuri ne ya ƙare a bola aka fara rabo gida-gida?"

"Gwanjo ne," ya ce yana haki. "Ƙarfen da ne. Yanzu ba a yin irinsa."

"Ai na ga alama. Da ana yi da tuni an kama masu yi."

Ta zagaya abin ta dube shi da kyau. Tsatsa ta ci gindinsa har kana hango ƙasa ta ciki. Murfin ya lotsa a gefe, mariƙin katakon ya ƙone rabi, ragar da ake ɗora nama kuwa tsohon kitse ya daskare mata baƙi ƙirin, ga saƙar gizo-gizo an yi ɗaki da falo. Da ta ɗaga murfin wani ƙadangare ya yi tsalle ya haye katanga, ya tsaya yana gyaɗa mata kai, shi a dole an tashe shi daga gidan gadonsa.

Mai Fenti bai kula ta ba. Ya zazzage ledar da ya rataya a kafaɗa: samfefa mai kaushi da mai laushi, buroshin waya, safar hannu, da wani ɗan gwangwanin baƙin fenti mai hoton harshen wuta a jikinsa. Gwangwanin ya tura shi can ƙarƙashin benci da ƙafa, sauran ya jera su a kan tabarma.

To, abin da ya kamata a sani shi ne, tun da Mama ta auri mutumin nan ba ta taɓa ganin ya gasa ko masara ba. Ruwan shayi in ta bar masa a wuta sai tukunyar ta ƙone. Saboda haka ba ta ɓata bakinta wajen tambayar me zai yi da murhu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ta san maganar Auta ce.

Auta shi ne ɗansu na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne ya bi uban gareji. Tun yana makaranta yake wanke injin feshi, yana dama fila, wato abin da ake cike lotsi da shi kafin fenti. Da ya zama saurayi aka ba shi motar farko ya fesa shi kaɗai, wata shuɗiya. Ya gama, kowa a garejin yana sa albarka. Sai ga Mai Fenti ya iso, ya bi jikin motar da tafin hannu kamar yadda ya saba, ya durƙusa, ya gano wani wuri ƙarƙashin mariƙin ƙofa inda fentin ya ɗan zuba. Wurin nan sai ka kwanta a ƙasa da fitila za ka gan shi. A gaban Mai Walda da Mai Faci da shi kansa mai motar, ya zaro samfefa mai kaushi ya ja ta daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya koma kan bonet ya yi haka. Sannan ya ce wa yaron ya je ya nemi aikin hura wuta, shi ya dace da hannunsa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Auta ya ajiye rigar aiki, ya tafi wani gidan abinci ya nemi aikin hura wutar. Daga hura wuta ya koma juya nama, daga juya nama ya zama shi ne babba a wajen gashi, mutane na bin layi saboda hannunsa. Shekaru suka shuɗe. Yana zuwa gaishe da Mama, amma sai ya daidaici lokacin da uban ba ya nan. In tsautsayi ya haɗa su a ƙofa, gaisuwa ce irin ta maƙwabtan da suka taɓa shari'a: ina wuni, lafiya lau, kowa ya kama gabansa.

Yanzu kuma Auta ya sami aiki a wani babban otal a wata ƙasa mai nisa, ƙarshen wata zai tashi. Waɗanda suka tafi can ba su cika dawowa da wuri ba. Shi kuma Mai Fenti, ƙirjin da ya sha fenti da tinar da ake tsinka shi da ita tsawon rayuwarsa ya fara karɓar hakkinsa, har ya bar gareji ya dawo gida yana tari. Mama ba ta faɗa wa kowa ba, amma tsoro take ji. Tsoronta kada yaron nan ya hau jirgi ba su zauna inuwa ɗaya da ubansa ba, a wayi gari labari ya iske shi ta waya.

"Ka kira shi mana," ta ce a yammacin nan, tana kallonsa yana kankare tsatsa.

"In kira wa?"

"Ƙadangaren da ka kora."

Ya ci gaba da kankara. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In na gama gyaran, sai ki ce masa ya zo ya gwada. Tunda an ce ya iya."

An ce ya iya! Rabin gari na cin naman yaron, amma a wajen ubansa har yanzu jita-jita ce. Mama ta haɗiye abin da ya zo mata baki, don a gidan nan wannan maganar kusan roƙo ce.

Aka shiga gyara. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya aiki, ko maƙiyinsa ya san haka, kuma yana da su. Ya jiƙa notunan da baƙin mai suka kwana, washegari ya kwance murhun ɗai-ɗai ya jera sassan a kan zanin gadonta, mai furannin nan da take ajiye wa baƙi. Ragar ya jiƙa ta a bahon wankinta da sabulunta, ya bi lungunanta da buroshin haƙori. Sai da safe ta gano buroshin wane ne. Gindin ya ɗora a kai ya kai wa Mai Walda aka yi masa faci da sabon ƙarfe. Tayoyi ya ciro daga tsohon keken jikarsu. Da ta nemi sandar da take goge ɗaki da ita, ta iske an rage mata tsawo, ragowar ta zama mariƙin murfi, an goge shi sumul har da shafa masa mai.

"Malam, in kana buƙatar haƙorina na gaba don ado, ka faɗa mini tun da wuri in shirya."

"Ke dai ba ki san darajar abu ba."

"Ina fa zan sani? Ai shi ya sa na aure ka."

Duk da haka ranta ya yi sanyi. Mutumin da ya yi watanni a kujera yana faɗa da rediyo, ga shi yana tashi da safe yana neman abin kari da sauri. Cikin 'yan kwanaki murhu ya tsaya da ƙafafunsa, ƙarfe fari tas, ba ɗigon tsatsa. Mama ta ɗauko waya.

"Me za ki yi?" ya ce.

"In kira Auta. Ba an gama ba?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "An gama? Yanzu za a fara."

Ai kuwa aka fara. Ya dama fila ya labta wa murfin, ya bari ta bushe, ya goge, ya ƙara labtawa. Ya bi jikin murhun duka, har inda babu lotsi. Ya goge da ruwa, ya shafa da tafin hannu ido a rufe, ya yi tsaki, ya sake. Ya aro injin feshi daga tsohon garejinsa, ya kafa rumfa da labulayenta don kada ƙura ta sauka, ya ɗaura tsumma a hanci. Gida ya gauraye da warin tina, har ruwan sha sai da ya ɗauka. Da ya yaye labulen, Mama ta riƙe baki.

Ja ne. Jan mota, irin mai ɗaukar ido, ciki da waje. Hatta farantin da ake zuba gawayi a kai sai da ya sha nasa. Ka tsaya gaban murfin ka gyara hularka.

"Ikon Allah," ta ce. "Sai a sa masa lamba a kai shi tasha ya fara lodi." Ta ɗan leƙa ciki. "Amma Malam, wannan fentin zai ɗauki wuta kuwa?"

"Ke kika yi rayuwarki a gareji ko ni?"

Ita dai ta san tukunya, kuma ba ta taɓa ganin tukunya mai jan fenti a gindi ba. Amma wane ne zai koya wa Mai Fenti fenti? Wanda ya gwada na ƙarshe yana can yana juya nama.

Ta ɗauka yanzu kam an gama. Ina! Yau ya ga ƙura ta maƙale a gefen ƙafa, sai an goge an sake. Gobe wani ƙuda ya yi gangancin sauka kafin fenti ya bushe. Jibi sai an yi folish. Wata yana ta gudu, Auta yana ta sallama da mutane yana raba kayan ɗakinsa, shi kuwa gogan naka yana tsugune yana hura wa murfi iska yana gogewa da gefen riga, yana tari kamar ƙirjin zai tsage.

Ran nan haƙurinta ya ƙare. Ta ajiye faranti a gabansa da ƙarfi har cokali ya yi tsalle.

"Malam, ba ƙura ba ce, ba kuma ƙuda ba ne. Tsoro kake ji. Kana tsoron a kira shi ya ƙi zuwa, ko ya zo ka rasa abin faɗa. To ni ma tsoron nake ji, kuma nawa ya fi naka. Yaron nan zai tafi. In ya tafi kuna haka, wallahi ba zan yafe maka ba, shi ma ba zan yafe masa ba. Sai ka rungumi murhunka ya riƙa gaishe ka da safe."

Ya daɗe yana juya cokalin.

"Asabar," ya ce. "Da yamma. Ki sayo nama." Ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ya ƙara da cewa, "Na gaya wa Mai Walda da Mai Faci su zo."

Ana wata ga wata. Duk mutanen duniyar nan ya rasa waɗanda zai gayyata sai shaidun ranar shuɗiyar mota. Mama ta gane nufinsa sarai, ko dai ta ɗauka ta gane: so yake ya yaye zani a gabansu, su yi ta kai-kai-kai, yaron ya tsaya ya ga yadda ake fenti. Hali zanen dutse. An kira ɗa sulhu, an shirya masa darasi.

Duk da haka ta shiga ɗaki ta kira Auta.

"Shi ya ce in zo?" ya tambaya.

"Ya ce ka zo ka gwada murhu."

"Murhu? Baba?"

"Baban naka dai. Kada ka tambaye ni, ni ma 'yar kallo ce."

"Mama, kin san in na zo abin da zai faru. Zai sami inda na yi kuskure ko a yadda na yi sallama ne."

"Zai samu mana, ai sana'arsa ce. Ka zo ya samu. Ni na haife ka, kuma ban roƙe ka komai ba tun da ka fara maganar tafiyar nan. Wannan nake roƙo."

Sannan ya ce, "To, Mama."

Asabar da yamma tsakar gida ta sha shara. Nama na cikin roba an rufe, buhun gawayi na jingine da bango, murhu na tsakiya lulluɓe da zanin baƙi, wanda yanzu furanninsa suka sami ƙarin ja. Mai Walda da Mai Faci sun zo tun da wuri, kamar yadda mutane kan yi in sun ji labarin nama, suka baje a kan benci. Mai Fenti ya sa rigarsa mai kyau yana kai da komowa, hannu ɗaya a aljihu.

Auta ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe da uban, ya gaishe da abokansa, ya ajiye wata 'yar jaka ta wuƙaƙe da kayan ƙamshi kusa da Mama. Ta lura ya zaɓi tsayawa inda ƙofa take kusa.

Mai Fenti ya kama gefen zanin ya yaye.

"Kai, kai, kai!" in ji Mai Walda. "Wannan facin da na yi ne a ƙasa? Wallahi ko ni ban gane shi ba."

"Tsohon hannu ke nan," in ji Mai Faci. "A saka wannan a falo kawai, a ɗora masa fure."

Auta ya matso, ya ɗora tafin hannu a kan murfin ya bi shi a hankali, ido a rufe, daidai yadda aka koya masa. Mama ta ga uban ya ga haka ya kau da kai. Sannan yaron ya ɗaga murfin. Ya dubi jan cikin, ya dubi jan farantin gawayin, ya ƙwanƙwasa gefe da ɗan yatsa ya ji ƙarar a toshe saboda kaurin fila. Ya waiwayo ya dubi uwarsa, ita kuwa ta san wannan kallon. Kallon da take yi ne in baƙo ya kawo tsarabar da ba ta ciyuwa.

"Ya yi kyau, Baba," ya ce.

"Ban tambaye ka kyau ba. Kyau kowa yana da ido. Aiki ya yi ko bai yi ba?"

"Babu inda ya zuba."

"Na san babu. Murhu ne. Kai ne mai gashi. Aiki ya yi ko bai yi ba?"

Auta ya sosa ƙeya. "Baba, me zai hana yau Mama ta soya mana naman kawai, wannan mu bar shi wata rana?"

"Wata ranar kana ina?"

Mama ta ji kamar ta ɗauki robar naman ta kifa wa mijinta a ka. Yaro yana neman hanyar rufa maka asiri, kai kana tura shi bango.

"Bai yi ba," Auta ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya. Mai Faci kunnensa ya yi nauyi."

Nan ran yaron ya ɓaci, Mama ta ga jijiyar wuyansa ta tashi irin ta uban.

"Na ce bai yi ba, Baba! Fentin mota ne. Gawayi na kamawa zai kumbura ya yi ɓawo, filar ta tsage ta zubo, hayaƙin ya shige cikin naman. Duk wanda ya ci sai an kwashe shi zuwa asibiti. Wannan ba a gasa komai a kai ba sai an kankare shi gaba ɗaya, ciki da waje, an koma kan ƙarfe. Aikin banza ne."

Kalmar ƙarshen nan ta fito ta tsaya a tsakar gida. Mai Walda ya shiga duba faratansa. Mai Faci, wanda kunnensa ya warke nan take, ya dubi robar naman da tausayin kansa. Mama ta runtse ido tana jiran tsawa, tana jiran ƙarar ƙofa.

Ba ta ji ko ɗaya ba. Da ta buɗe ido, Mai Fenti ya zaro hannun nan da ya wuni a aljihu. Samfefa ce, mai kaushi, sabuwa fil, an ninke ta biyu. Ya miƙa wa ɗansa.

"To," ya ce. "Bismillah."

Auta ya dubi samfefar, ya dubi mutanen da ke kan benci, ya sake duban uban. Mama ma ta dubi bencin, sai idonta ya sauka ƙarƙashinsa, tsakanin ƙafafun Mai Walda. Ɗan gwangwanin nan ne baƙi mai hoton harshen wuta, wanda aka tura can da ƙafa tun ranar farko. An jawo shi gaba, an goge masa ƙura, ba a taɓa buɗe shi ba. Sai a lokacin ta tuna inda ta san irinsa. Shi Malam yake shafa wa salansa, bututun hayaƙin mota, saboda fentin jikin mota ba ya jure zafi, maganar da ta ji daga bakinsa ta fi a ƙirga.

Ashe ya sani. Tun ran da ya turo abin nan da taya ɗaya ya sani. Ya zauna ya yi aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, da gangan ya yi shi ba daidai ba, ya tara shaidun da suka ga wancan, don ɗansa ya sami abin kankarewa a gabansu. Mama ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Mutum ya gwammace ya kusa wata yana shaƙar tina da ruɓaɓɓen ƙirji, ya hallaka zanin gado da labule da sandar goge ɗaki, da ya buɗe baki ya ce yi haƙuri. Kalma biyu kacal, ko aku ana koya masa. Haushinsa ya cika ta, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, har sai da ta zauna a bakin baho.

Auta ya karɓi samfefar. Ya ɗora ta a tsakiyar murfin, inda fuskarsa da ta uban suke fitowa a cikin jan, ya danna, ya ja ta tun daga sama har ƙasa. Ƙarar ta shiga haƙoran kowa. Farin layi ya fito a jikin jan, mummuna, mai faɗi.

Mai Fenti ya runtse ido ya ja iska ta haƙori. Wanzami ba ya son jarfa. Amma bai matsa ba, bai kuma hana shi ba.

Auta ya tsaya yana kallon layin. Ya share hanci da bayan hannu. Sannan ya buɗe samfefar, ya yaga ta biyu daidai kan ninkin, ya miƙa wa uban rabi.

"Ka kama ta can gefen, Baba. Ka sa tsumma a hanci tukuna."

Mai Fenti ya naɗe hannun rigarsa mai kyau ya tsuguna. Ba a yi nisa ba ya leƙo ta saman murfin.

"Ba haka ake riƙe ta ba. Ka shimfiɗa tafin hannu, kada yatsu su bar sawu a..."

"Baba," Auta ya katse shi, "murhu ne. Nan wajen ni ne babba."

Mai Fenti ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"To," ya ce, ya ci gaba da gogewa ta gefensa.

Mai Faci ya yi gyaran murya ya tambaya, cikin ladabi, ko naman yana da wata makoma. Mama ta ce yana da ita, kasko, kamar kowane nama a gidan nan tun da aka kafa shi. Ta ɗauki robar ta nufi kicin. Tana ɗora mai a wuta tana jin samfefa biyu suna tafiya, ɗaya da sauri, ɗaya tana tsayawa don tari.

Can ta ji muryar Auta. "Baba, wannan filar hawa nawa ka yi mata? Ina ta ci ban ga ƙarfe ba."

"Na ɗan labta da kauri."

"Ɗan? Wannan ai ba zai ƙare yau ba. Ko gobe ma ban ga alama ba."

"Ba zai ƙare ba," in ji Mai Fenti. "Ni a ganina sai ya kai mu ƙarshen wata. In ana zuwa kullum."

Samfefa ɗaya ta tsaya, ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ci gaba.

"Sai in riƙa zuwa da safe," in ji Auta.

"Da safe da yamma ya fi. Ga nisa kuma. Ɗakinka dai yana nan, in uwarka ba ta cika shi da tarkace ba."

Tarkace! Ita da aka mayar wa tsakar gida gareji. Mama ta rage wutar, ta goge hannu a zani, ta bi ta bayansu ba tare da ta dube su ba, don ba ta yarda da fuskarta ba. Ta tura ƙofar ɗakin Auta, ta buɗe taga ya sha iska, sannan ta shiga neman zanin gadon da ya tsira.